Aikin alamar jira a manhajar adashinmu na Aboabo

Asabar, 6 ga Satumba 2025

Manhajar adashin da nake haɗa wa matan Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana, ta tsaya da ƙafarta yanzu alhamdulillahi, ana buɗe rukuni a saka sunaye, a ga wanda ya yi zubi da wanda bai yi ba, a ga mai kwasa a wannan satin. Abin da ya rage kafin in miƙa ta ga matan kasuwa su fara gwaji na gaske shi ne wajen jira, wato abin da mutum zai riƙa gani a allo daga lokacin da ya danna har amsa ta dawo. Wuri uku ake jira a cikinta, lokacin buɗewa, lokacin da jerin sunaye ke saukowa daga saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan a intanet, sai kuma babban, lokacin biyan kuɗi ta MoMo, wato walat ɗin kuɗi na layin waya. A yanzu duka ukun 'yar da'irar nan ta Android ce kawai ke juyawa a tsakiyar farin allo, babu rubutu babu komai.

Abokina mai zane da ke Asawase ya ce shi wannan da'irar ta gundure shi, kowace manhaja ita ce, ya ce zai zana mana ƙwarya da sulalla suna faɗawa ciki ɗaya bayan ɗaya, in ta cika ta ɗan girgiza ta koma fanko a sake. Zai yi a manhajar zane mai motsi ta After Effects ya fitar da shi ta wani ƙari nata mai suna Bodymovin ya zama fayil ɗin Lottie. Lottie ɗin nan kamfanin Airbnb ne ya sake shi a 2017, amfaninsa shi ne motsin ba bidiyo ba ne ba kuma hotuna ne jere ba, rubutu ne kawai da ke gaya wa waya ta zana kaza a wuri kaza a lokaci kaza, shi ya sa fayil ɗin ba ya nauyi kuma ba ya dusashewa ko allon babba ne ko ƙarami. Na ce masa bismillah, mu gani.

Talata, 9 ga Satumba

Kafin ƙwaryar ta iso na zauna kan tambayar yaushe ma ya kamata alamar ta fito. Akwai lambobi uku da Jakob Nielsen ya yaɗa tun 1993, shi ma daga aikin Robert Miller na 1968 ya ɗauko asalinsu. In amsa ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan mutum ji yake nan take abin ya faru. In ta kai sakan 1 zai lura an ɗan tsaya amma tunaninsa bai katse ba. In ta wuce sakan 10 kuwa hankalinsa ya tafi wani wuri, ya fara amsa wa kwastoma ko ya shiga WhatsApp. Abin mamaki lambobin tun zamanin manyan kwamfutoci ne amma har yau suna aiki, don ɗan Adam ne aka auna ba inji ba.

To a wurinmu matsalar ita ce in netwok ya yi kyau jerin sunayen na zuwa da sauri sosai, sai da'irar ta yi wal ta ɓace, kamar allon ya ƙyafta, wannan ƙyaftawar ta fi rashin alamar ɓata rai wallahi. Android na da wani abu da aka yi don haka, ContentLoadingProgressBar, shi ba ya fitowa sai an yi rabin sakan ana jira, in kuma ya fito sai ya yi aƙalla rabin sakan kafin ya tafi. Na kwafi wannan dabarar na rubuta nawa don in iya saka duk zanen da nake so a ciki. Ƙyaftawa ta tafi.

Asabar, 13 ga Satumba

Ƙwarya ta iso, kuma gaskiya ta yi kyau, yaron nan yana da hannu, har da inuwar sulalla a cikin ƙwaryar da ɗan ƙyalli a bakinta. A wayata sumul take tafiya. Amma ai matan da za su yi amfani da abin ba irin wayata gare su ba, yawancinsu itel ne da Tecno ƙanana, wasu Infinix, duk 'ya'yan kamfanin Transsion na Shenzhen, da yawa kuma Android Go ne a ciki, wanda Google ya fitar a ƙarshen 2017 don wayoyi masu ƙaramin ram. Saboda haka na je Adum wajen PZ na sayi wata tsohuwa ta hannu mai arha musamman don gwaji, allonta ma da ɗan tsagu a gefe, ita ce alƙalina daga yau.

A kanta sulallan ba faɗawa suke ba, tsalle suke, su tsaya a iska su bayyana a ƙasa. Lissafin a fili yake, allo mai sabunta kansa sau 60 a sakan yana ba ka kusan milisakan 16 ne kacal ka gama zana kowane firem, wato hoto ɗaya na motsin, in ka wuce an bar ka, firem ɗin ya faɗi, ido kuma yana kama wannan tun kafin mutum ya san me ya gani. Na danna lambar bil (build number) da ke cikin saitin waya sau bakwai na buɗe zaɓin masu haɗa manhaja, na kunna sandunan nan da ke nuna lokacin zana kowane firem, sai ga su suna haye koren layi kamar ba gobe. Da na buɗe fayil ɗin na ga dalili, inuwar da ƙyallin duk da abin rufe-rufen zane aka yi su, irin wanda ake ɗora wani shafi ya yanke wani, kuma su kansu masu Lottie sun rubuta cewa wannan na cin ƙarfi a Android. Ga shi kuma a daidai lokacin da ƙwaryar ke motsi a lokacin ne wayar ke fama da karɓar bayanai tana warware su, aiki biyu a kan ƙaramin kai.

Na kira abokina mai zane na ce mutumina a cire inuwa a cire ƙyalli. Ya ce to me ya rage, kwano? Muka yi dariya, amma na ji a muryarsa bai so ba.

Juma'a, 19 ga Satumba

Ruwa tun safe, wuta ta tafi ta dawo ta tafi, aikin kaɗan aka yi bayan masallaci. Ƙwarya marar inuwa ta fi sauƙi amma har yanzu tana ɗan cijewa duk sanda jerin ke shigowa, saboda Lottie a kan babban layin aikin manhaja yake lissafinsa, layin da komai na allo ke bi. Na kwashe warware bayanan na mayar da shi layin baya, ya ragu sosai.

Na kuma gwada sake zana abin a matsayin AnimatedVectorDrawable, shi daga Android 7.1 zuwa sama a wani layi daban yake gudu, don haka ko babban layin ya cushe shi yana ta juyawarsa lafiya lau. Da farko na ji daɗi, daga baya na zauna ina kallonsa na ce to ai wannan ma abin tsoro ne, manhaja ta sandare gaba ɗaya amma alama na ta rawa tana nuna wai ana aiki, har sai mutum ya taɓa allo an yi sakan 5 babu amsa sannan Android ta fito da saƙon nan na manhaja ba ta amsawa. Juyawar da'ira ba shaida ba ce cewa wani abu na tafiya, shaida ce kawai cewa an ce mata ta juya ba a ce ta tsaya ba. Zan bar wannan a raina.

Lahadi, 28 ga Satumba

Yau aka yi gwajin farko a gidan Hajiya uwar adashi, bayan la'asar, mata sun taru a tsakar gida, masu sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da masu koko da ƙosai da wata mai waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titin Aboabo. Na saka musu manhajar a wayoyinsu muka ce kowa ta gwada zubin sidi ɗaya.

Ƙwaryar ta burge, ba ƙarya, har wata ta ce a bar ta ta sake gani. Amma da aka zo biya sai labari ya canza. Hajiya ta danna, ƙwarya ta fara karɓar sulalla, ta cika ta zube ta sake, ta cika ta zube ta sake, Hajiya ta ɗago ta dube ni ta ce, ɗana, kuɗin nan ya tafi ne ko bai tafi ba? Na ce Hajiya ki ɗan jira saƙo zai fito ki saka lambar sirrinki. Ta ce to shi wannan abin da ke ta zuba kuɗi, sau nawa zai cire mini? Ashe ita a ganinta kowane sulai da ya faɗa cirewa ake yi daga walat ɗinta. Kuma in ka tsaya ka duba da idonta ba ta yi kuskure ba, ka danna biya, sai ka ga kuɗi na ta zuba ba tsayawa, me za ka ɗauka? Wata kuma da ta ga shiru sai ta koma baya ta sake dannawa, saƙon amincewa biyu suka zo mata a jere, Allah ya sa ta tambaya kafin ta saka lamba a na biyun. Ta ce ita da mai susu na da, wato mai karɓar ajiyar kuɗi, mai yawo da kati, ta san in ta miƙa kuɗi ya sa biro ya yi alama a gabanta an gama magana.

Duk matan nan babu wadda ta ce motsin na cijewa, abin da na kwana biyu ina fama da shi. Tambayarsu ɗaya ce, ina kuɗina yake a yanzu.

Da dare ƙanina da ke karatu a jami'ar KNUST ya ce Yaya ai mai sauƙi ne, ka saka sanda mai cika da lamba, ta tashi daga sifili ta tafi a hankali, mutane na son ganin lamba. Kuma yana da gaskiya ta wani ɓangaren, tun 1985 Brad Myers ya gwada ya ga mutane sun fi son a nuna musu kashi nawa aka yi, kuma a 2010 Chris Harrison da abokan aikinsa a Carnegie Mellon sun nuna cewa in aka sa wa sandar wasu ratsi masu tafiya baya suna rage gudu, mutane na jin jiran ya gajarta da kusan kashi 11 cikin 100 alhali lokacin bai canza ba. Amma wannan duk a inda ka san tsawon aikin ne, kamar sauke fayil da ka san girmansa. Ni a biyan MoMo ban san komai ba, ban san yaushe saƙo zai isa wayarta ba, ban san ko tana neman tabarau ba ne kafin ta saka lamba. In na sa sanda ƙarya zan yi, ta tafi ta maƙale a 99, irin na yaron motar haya ta trotro da ke rataye a ƙofa yana ihun saura mutum ɗaya alhali kujerun baya duk fanko ne. Fasinja ya haƙura da wannan don ya saba, amma a kan kuɗin adashi in mace ta kama ka da ƙarya sau ɗaya ta gama da kai, kuma za ta faɗa wa duk layin su a kasuwa. Na ce masa a'a.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na rushe allon biya na sake gini. Abin da saba ta sani a gaskiya matakai ne, ba kashi cikin ɗari ba, an aika buƙata, ana jiran mai waya ta amince, sannan ko an samu ko an ƙi. To su zan nuna. Layi uku a tsaye, kowanne da ɗan zagaye a gefensa, wanda aka wuce ya zama alamar dace, wanda ake kai shi kaɗai ke ɗan numfashi, yana girma yana raguwa a hankali, na gaba kuma a dushe. Na farko, muna aika buƙatarki. Na biyu, duba wayarki ki saka lambar sirri. Na uku, muna jiran tabbaci. A ƙarƙashinsu da manyan baƙaƙe, ba a cire komai ba tukuna, kuma wannan rubutun ba ya canzawa sai saba ta ce kuɗi ya shigo.

Mataki na biyun nan shi ne ya fi muhimmanci don a nan ba waya ake jira ba, ita matar ake jira, da'ira mai juyawa kuwa cewa take ki zauna ki jira ni, sai kowa ya zauna yana jiran kowa. Shi ya sa a wannan matakin na cire duk wani abu mai kama da lodi na sa hoton hannu riƙe da waya. In an ɗan jima ba ta amince ba sai wani layi ya fito yana cewa in saƙon ya wuce ki, masu MTN su danna *170# su shiga wajen amincewa, sauran layukan ma zan saka nasu.

Maganar danna sau biyu kuma ba a zane ake gyara ta ba. Da an danna maɓallin yake mutuwa, sannan kowane zubi na ba shi lambar shaida tasa tun a waya kafin a aika, in buƙata ta sake zuwa da lamba iri ɗaya saba ta san tsohuwa ce ba za ta sake tura saƙo ba. Na kuma ajiye zubin da ke rataye a ma'ajiyar cikin waya, saboda a ƙaramar wayar gwajin nan da ka fita ka je danna *170# sau da yawa Android kashe manhajar take don ta samu wuri, ka dawo ka tarar ta buɗe daga farko kamar ba a taɓa yin komai ba, mace ta ga haka ai sake biya za ta yi. Yanzu in ta dawo allon matakan take tararwa a inda ta bar shi.

Wata a cikin matan ta tambaye ni ranar Lahadi ko har yanzu ana cire e-levy, wato harajin tura kuɗi ta waya, na ce an soke shi tun watan Afrilun bana. Zan sa jimillar abin da za a cire a fili kafin a danna, don shekarun harajin nan tun 2022 sun sa kowa na ƙirga abin da ya fita daga walat har kobo.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na koma kan jerin sunaye. A nan na gwada ƙwarangwal, wato maimakon da'ira sai a nuna siffar jerin da toka-tokan layuka a inda sunaye za su zauna, wani haske na bi ta kansu. Luke Wroblewski ya yi rubutu a kai a 2013, ya ce da suka sa da'ira a manhajarsu Polar mutane suka fara ƙorafin ta yi nauyi alhali ba abin da ya canza, don da'irar na sa ka kalli jiran kansa, ƙwarangwal kuwa na sa ka kalli abin da ke tafe. Hasken mai wucewa kuma Facebook ne suka sake laburarensa mai suna Shimmer, kowa ya ɗauka.

A ɗaki ya yi kyau. Na fita da wayar gwaji tsakar rana wajen Alabar, rana na dukan allo, toka mai haske a kan fari babu abin da ake gani, allon kamar fanko. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da allo, ta ce abubuwan allo da ba rubutu ba su kai bambancin haske 3 da 1 da abin da ke bayansu, irin tokar da ake yayi ba ta ko kusa. Na ƙara mata duhu, ta yi muni kaɗan amma ana ganinta.

Sai kuma a hanyar dawowa cikin pragya, wato keke mai ƙafa uku, nake tunani, me ya sa ma za a jira jerin? Mutanen rukuni ba sa canzawa kullum, sunayen jiya su ne na yau. A nuna na ƙarshe da aka ajiye nan take, a sa ɗan siririn layi na motsi a sama yana nuna ana sabuntawa, a rubuta lokacin da aka sabunta na ƙarshe, ƙarfe kaza. Duk wanda ke ƙasar nan ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke ya san yadda ake zama da waya a hannu komai na juyawa babu abin da ke buɗewa, kwana da kwanaki. A irin wannan ranar Hajiya na buƙatar ta ga wa ke da kwasa ko da labarin na shekaranjiya ne, in dai an gaya mata na shekaranjiya ne. Don haka ƙwarangwal ya koma sai buɗewar farko kawai, ranar da babu komai a ajiye. Na sa jan allo ƙasa don sabuntawa, dabarar Loren Brichter ta cikin manhajar Tweetie, wannan kam ba sai an koya wa kowa ba, Facebook ya riga ya koya musu.

Talata, 14 ga Oktoba

Mai waakye ta aiko ɗanta da waya wai manhaja ta daskare. Ba ta daskare ba, wayar na kan tanadin batir ne, kuma a wasu wayoyin wannan na kashe motsin allo gaba ɗaya, haka ma in an kunna cire motsi a saitin masu buƙata ta musamman. To ɗan zagayen da ke numfashi ya tsaya cak. Kuma mutanen nan rabin yininsu a tanadin batir suke, wa zai samu wurin caji a bakin titi. Android na da hanyar tambaya ko motsi a kunne yake, in a kashe yake yanzu sai in nuna agogo na ƙirga sakan da rubutu, 1, 2, 3, lamba na canzawa ko babu motsi. Na ba yaron kuɗin mota na ce ka gaida Mama ka ce an gyara.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Gwaji na biyu jiya. Matakan sun yi aiki ga masu karatun boko, babu wadda ta sake tambayar ko kuɗi ya tafi. Amma akwai iyayenmu da allo suka yi ba boko ba, su rubutun nan ado ne a wurinsu, kala da hoto suke bi. Wata dattijuwa ta ce mini, ɗan nan, in abin zai yi magana ai da ya fi. Gaskiyarta. Ƙanwata ta yarda za ta ɗauki murya, jimloli gajeru, saka lambar sirrinki, dakata kaɗan, kuɗinki ya shiga, bai shiga ba kuma ba a cire komai ba. Da Hausa tukuna, daga baya yaren Twi don akwai 'yan rukunin da ba 'yan zango ba. Amma da maɓallin kashewa babba, don Hajiya ta riga ta ce ita ba ta son waya na shelar kuɗinta a tsakiyar Kejetia kowa na ji, kuma ba za a faɗi adadi da murya ba ko kusa. Na kuma sa kowane mataki ya riƙa sanar da TalkBack, mai karanta allo da murya na Android, idan ya canza saboda masu matsalar ido.

Abokina mai zane ya zo da sabuwar magana, wai in duba sabuwar alamar jira da Google ya fito da ita bana cikin tsarin zanensa na Material 3 Expressive, wadda ke canza siffa tana juyawa, daga wannan fasali zuwa wancan. Na gani, tana da kyau, kuma su ma da kansu don gajeren jira suka yi ta, na 'yan sakanni. Na ce masa a wurin da ya rage mana da'ira ƙanana ne, cikin maɓalli da saman jeri, ba wurin wasa. Ya ce to ƙwaryata fa, ta mutu kenan? Mun ɗan ja, ya ce ni na cika tsoron kwalliya, na ce shi bai zauna gaban Hajiya ba ranar. A ƙarshe muka daidaita a kan cewa ƙwaryar za ta fito bayan an tabbatar da biya, sulai ɗaya tak ya faɗa, sau ɗaya, ya tsaya, sunan matar da adadin su fito a ƙasa. A nan ma'anarta daidai take da abin da ya faru, kuma tunda a lokacin wayar ba ta aikin komai na ce ya maido da inuwarsa da ƙyallinsa, gwada a tsohuwar wayar ya nuna tana ɗauka. Ya tafi yana murna.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Zubin wannan satin gaba ɗaya ta manhaja aka yi shi, Hajiya na riƙe da littafinta a gefe tana rubutawa duk da haka, ta ce sai an yi zagaye ɗaya cikakke kowa ta kwasa sannan za ta yarda ta ajiye biro, ban ga laifinta ba.

Abin da ya fito sabo shi ne zubin da ke daɗewa a rataye, an saka lambar sirri, alat ɗin cirewa ya zo wa mace, amma tabbaci bai iso sabarmu ba sai can daga baya. A wannan halin rubutun ba a cire komai ba tukuna ya zama ba gaskiya ba, tunda ita ga alat a hannunta. Dole in raba shi, da zarar an wuce matakin lambar sirri rubutun ya koma, in an cire miki kar ki sake biya, muna dubawa. In an kai minti biyu kuma a daina duk wani motsi, a ce mata za ta iya rufe manhajar, WorkManager, mai gudanar da aikin bayan fage na Android, ya ci gaba da tambayar saba a baya ya turo sanarwa in an samu amsa, a jerin Hajiya kuma sunan ya fito da ruwan ɗorawa maimakon ja don kar a bi mace bashi a banza. WorkManager ɗin ba ya maimaita aikin lokaci-lokaci ƙasa da minti 15, don haka sai dai in jera masa aiki ɗaya-ɗaya da tazara mai ƙaruwa, kuma sai na gwada a wayoyin da ke saurin kashe abin da ke gudu a baya, don nan ne nake zargin zai ba da wahala.

Muryoyin Hausa sun shigo, akwai ƙarar injin niƙa a bayan guda biyu sai an sake ɗauka da dare. Na Twi ba a fara ba. Alamar buɗe manhaja ma ban taɓa ta ba har yanzu, daga Android 12 tsarin ne da kansa ke nuna tambari a farko, zan bar ta a tsaye babu motsi in mayar da hankali kan rage lokacin buɗewar a wayar gwaji. Ranar Laraba zan karɓi wayar mai waakye da ta wata mai atamfa in kwana da su in gwada maganar sanarwar.